Suna Na Wani, Matuƙi Na Wani: Yadda Hayar Jirage Ke Shafar Fasinjan Nguru Da Gashuwa

NGURU — Duk ɗan kasuwar da ke hada-hadar ƙaro ko fatu ko bandar kifi a Nguru da Gashuwa, idan wata harka ta gaggawa ta taso masa a Legas ko Abuja, ya san cewa tafiyarsa ta sama a ƙasa take farawa. Sai ya yi sammako ya kama hanyar Haɗeja zuwa Kano, ko kuwa ya miƙa ta Damaturu zuwa Maiduguri, ya share sa'o'i a cikin mota kafin ya kai inda zai nuna tikiti. Da ya isa gindin jirgi kuwa, abin da idonsa ke gani shi ne sunan kamfani da aka rubuta da manyan baƙaƙe a jikinsa. Ba safai yake tambayar ko jirgin mallakar wannan kamfani ne ba, balle ya tambayi wanda ke biyan albashin mutanen nan biyu da ke zaune a gaba sun rufe ƙofa.

Tambayar kuwa tana da nauyi. A kanta ne aka yi yajin aiki na wata uku a Amurka, a kanta ne wani babban kamfani na ƙasar Japan ya yi asarar jarin da ya zuba wajen ƙera sabon jirgi, kuma a cikinta ne ake samun wani ɓangare na bayanin haɗarin da ya cinye rayukan alhazan Nijeriya a Jidda cikin 1991. Tun da aka buɗe filin jirgin sama na Damaturu a watan Janairu na 2023, maganar ta ƙara kusantar mutanen arewacin Jihar Yobe, domin kuwa garuruwa irin waɗannan, masu fasinja kaɗan-kaɗan, su ne ake yawan bayar da jigilarsu kwangila a ko'ina cikin duniya.

Nguru ba baƙuwar sufuri ba ce. Layin dogo daga Kano ya iso garin cikin 1930, ya mai da shi matattarar gyaɗa da ƙaro da fatu da shanu daga Barno ta arewa har zuwa cikin Nijar. Gashuwa kuma, hedikwatar masarautar Bade, ta rayu a kan kogin Yobe da kifinsa da noman fadama, daga baya ta sami Jami'ar Tarayya cikin 2013. To amma jirgin sama na fasinja bai taɓa zama abin yau da kullum ga garuruwan biyu ba. A zamanin da kamfanin Nigeria Airways ke tashe, jiragensa ƙirar Fokker suna sauka a Kano da Kaduna da Jos da Sakkwato da Maiduguri da Yola, ko akwai riba ko babu, saboda gwamnati ce mai kamfanin, kuma abin da aka samu a hanyar Legas zuwa Landan shi ke rufe giɓin ƙananan hanyoyi. Matuƙin da ke kai jirgi Yola da wanda ke kai shi Landan duk ma'aikatan gida ɗaya ne, layi ɗaya suke bi wajen ƙarin girma, kuma da yawansu Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, ita ta yaye su.

Wannan tsari ya soma warwarewa tun farkon shekarun 1980, lokacin da 'yan kasuwa suka shigo fagen, irin su Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo da kamfaninsa na Kabo Air a Kano, da Cif Gabriel Igbinedion da Okada Air. Daga baya Chanchangi ya fito daga Kaduna, IRS daga Kano. Shi kuwa Nigeria Airways bashi da rashin kula suka yi ta cinsa har ya daina tashi cikin 2003. Ma'aikatansa, har da matuƙa da injiniyoyi, sun shekara goma sha biyar suna bin sawun haƙƙinsu kafin Gwamnatin Tarayya ta amince a 2018 a biya su Naira miliyan dubu 22 da 'yan kai, watau kimanin rabin abin da suke bi. Da yawa ba su ga kuɗin ba, sai magadansu.

Haya iri biyu

Masu harkar jirage sun kasa haya gida biyu. Akwai hayar jirgi zalla, inda kamfani zai karɓi jirgi na wasu shekaru, ya yi masa rajista, ya sa matuƙansa da injiniyoyinsa, ya ɗauki nauyin gyara da inshora. Akwai kuma hayar jirgi da mutanensa, inda mai jirgi zai kawo jirgin tare da matuƙa da masu gyara da inshora, wanda ya yi haya kuma ya sayi mai, ya biya kuɗin sauka da tashi, ya ba baƙin masauki, sa'an nan ya sayar da tikiti da sunansa. Ana biyan irin wannan haya ne bisa yawan sa'o'in da jirgi ya yi aiki, da dalar Amurka, kuma galibi akan yanka wani adadin sa'o'i a wata wanda dole a biya ko jirgi ya tashi ko bai tashi ba.

Duk wanda ya san tashar mota zai gane bambancin nan take. Daban ne mutum ya karɓi mota ya ɗora direban gidansa, daban ne kuma ya ɗauko shatar mota da direbanta ya manna takardar kamfaninsa a gilashi. A yanayi na biyu, in taya ta sanƙe, wa ke da ikon cewa ba za a tashi ba sai an canza ta?

Jigilar alhazai ita ce inda 'yan Nijeriya suka fi sanin haya ta biyu, kuma dalilin a fili yake. Aiki ne na makonni ƙalilan a shekara wanda ke bukatar manyan jirage masu yawa a lokaci guda, babu kamfanin da zai sayi irin waɗannan jirage ya ajiye su wata goma suna jiran Zulƙida. Jirgin Boeing 707 da ya faɗi a filin Kano ranar 22 ga Janairu, 1973, ya hallaka mutum 176, na kamfanin Alia ne na ƙasar Jodan, Nigeria Airways ya yi shatarsa don dawo da alhazai. Amma haɗarin da ya fi bayyana illar sarƙar kwangila shi ne na ranar 11 ga Yuli, 1991, makonni kaɗan kafin a ƙirƙiro Jihar Yobe ita kanta.

Jirgin ƙirar DC-8 ne, mallakar kamfanin Nationair na ƙasar Kanada. Nigeria Airways ya ɗauke shi haya da mutanensa, aka sake ba da shi ga kamfanin Hold-Trade domin jigilar alhazai. Ya tashi daga Jidda da nufin sauka a Sakkwato ɗauke da fasinja 247 da ma'aikata 14. Binciken da aka yi daga baya ya nuna cewa tun kwanaki kafin ranar an gano iskar wasu tayoyinsa ta yi ƙasa da ƙa'ida, aka gyara alƙaluman da ke cikin takardar gyara maimakon a gyara tayar. A safiyar tashin an nemi iskar naitirojin da ake hura wa tayoyin jirgi ba a samu nan kusa ba, jami'in da kamfanin na Kanada ya ɗora a kan kwangilar kuma bai yarda a jinkirta ba, saboda an riga an makara a jadawalin jigilar. Tayoyi suka fashe a kan titin tashi, wuta ta kama, aka naɗe ƙafafun jirgin cikin cikinsa da wutar a jiki. Matuƙan sun juyo don su sauka, amma jirgin ya faɗi kafin ya kai titi. Babu wanda ya tsira daga cikin mutum 261.

Abin lura ga ɗan kasuwa a nan shi ne yadda alhaki ya rarrabu. Alhaji ya biya kuɗinsa ga hukumar alhazai, lambar tafiyar ta Nigeria Airways ce, kwangilar jigila tana hannun wani kamfani, jirgi da matuƙa da makanikai kuwa na wani ne can a Montiriyal, kuma hukumar da ke da alhakin sa ido a kansu tana wata nahiya. Kowane hannu a cikin sarƙar yana da dalilin son jirgi ya tashi a kan lokaci. Shi kansa Nationair bai daɗe ba bayan haka, ya shiga doguwar rigima da ma'aikatansa masu kula da fasinja, ya rushe cikin 1993.

Shingen da matuƙan Amurka suka gina

A Amurka ne aka fi kai ruwa rana a kan wannan batu, kuma sanin abin da ya gudana a can zai taimaka wajen fahimtar inda ƙananan jiragen da ke shawagi a sararin Nijeriya suka fito. Matuƙan ƙasar sun kafa ƙungiyarsu ta ALPA tun 1931. Ginshiƙin rayuwar matuƙi a can shi ne jerin daɗewa a aiki: ranar da kamfani ya ɗauke shi ita ke yanke irin jirgin da zai tuƙa, da albashinsa, da ranar da zai zama kyaftin, da wanda za a fara sallama in kasuwa ta faɗi. In ya bar kamfani ya koma wani, daga ƙarshen layi zai fara ko da ya shekara ashirin yana tuƙi. Saboda haka duk hanyar da kamfani ya miƙa wa ɗan kwangila, kujerun kyaftin ne suka fice daga wannan jeri.

Bayan dokar 1978 da ta sakar wa kamfanonin jirage mara, manyan kamfanoni suka riƙa ƙulla yarjejeniya da ƙananan kamfanoni masu jirage masu farfela, su kwaso musu fasinja daga ƙananan garuruwa zuwa manyan filaye. Ƙungiyoyin matuƙa ba su damu sosai ba, don jirgi mai farfela ba ya nisa kuma ba ya sauri. Lamarin ya sauya ne a farkon shekarun 1990 da kamfanin Bombardier na Kanada ya fito da ƙaramin jirgin jet mai kujera 50, kamfanin Embraer na Birazil kuma ya biyo baya da nasa samfurin ERJ-145. Waɗannan jirage suna iya yin tafiyar da a da sai babban jirgi, alhali matuƙansu na karɓar wani ɗan kaso na albashin matuƙan babban kamfani.

Nan ne ƙungiyoyin suka ƙarfafa abin da za a iya kira sharaɗin shinge a cikin yarjejeniyarsu da kamfanoni. Sharaɗin yana fayyace girman jirgin da aka yarda ɗan kwangila ya tuƙa da sunan kamfani, da nauyinsa, da yawan irinsa. Duk abin da ya haura haka, aikin matuƙan gida ne. A kan wannan, tare da batun albashi, matuƙan American Airlines suka tsunduma yajin aiki da tsakar daren 15 ga Fabrairu, 1997, Shugaba Bill Clinton ya yi amfani da ikon da doka ta ba shi ya dakatar da yajin cikin 'yan mintoci. Da aka daidaita, ƙananan jiragen sun tafi hannun matuƙan reshen kamfanin mai suna American Eagle, amma an ƙayyade yawansu.

Su ma matuƙan ƙananan kamfanonin ba su zauna haka ba. A 2001 matuƙan Comair, wanda kamfanin Delta ya saye bai daɗe ba, suka yi yajin aiki na kwana 89, suka tsayar da zirga-zirga a filin Sinsinati, suka kuma sami ƙarin albashi. Nasarar ta zame musu alaƙaƙai. Delta ya ɗauki darasi, ya rarraba aikin ga 'yan kwangila da dama yadda babu guda ɗaya da zai sake riƙe masa wuya, ya riƙa ba da hanyoyi ga wanda ya fi araha. Comair ya yi ta ƙanƙancewa har aka rufe shi a watan Satumba na 2012. Wannan shi ne sirrin tsarin: babban kamfani shi ke riƙe da suna da tikiti da jadawali, yana sayen kujeru ne kawai daga ɗan kwangila a kan ƙayyadadden farashi, in wa'adi ya cika kuma ya sake kiran masu tayi.

Bayan harin 11 ga Satumba, 2001, manyan kamfanonin ƙasar suka yi ta shiga kotun fatara ɗaya bayan ɗaya, United a 2002, Delta da Northwest a 2005, American a 2011. A cikin wannan matsi ƙungiyoyin suka sassauta shingen daga kujera 50 zuwa 70, daga nan zuwa 76, da nauyin da bai wuce kimanin tan 39 ba lokacin tashi. Har ta kai ga kusan rabin jiragen da ke tashi a cikin gida a Amurka 'yan kwangila ne ke tuƙa su. A nan kuma shingen ya tsaya cak, ya yi ƙarfin da har masu ƙera jirage sai da suka rusuna masa. Sabon samfurin Embraer mai suna E175-E2 ya zarce nauyin da aka yarda, kamfanonin Amurka ba su saye shi ba. Kamfanin Mitsubishi na Japan ma ya ci karo da shingen, tare da wasu matsaloli nasa na jinkiri, ya yi watsi da shirin jirginsa na SpaceJet a watan Fabrairu na 2023.

Shin arahar ta taɓa lafiyar fasinja? Daren 12 ga Fabrairu, 2009, wani jirgi mai farfela da ke ɗauke da sunan Continental, amma na kamfanin Colgan Air, ya faɗi kusa da birnin Bafalo, mutum 50 suka mutu. Masu bincike sun ɗora laifin a kan yadda kyaftin ya yi kuskure lokacin da saurin jirgin ya ragu. Sai dai abin da ya tayar da hankalin jama'a shi ne bayanan da suka fito a zaman sauraron shaida: mataimakiyar matuƙin tana samun kimanin dala 16,000 ne a shekara, kuma daga Siyatil, can ɗaya gefen ƙasar, ta kwana tana tafiya zuwa wurin aiki. Iyalan mamatan da yawa ba su taɓa jin sunan Colgan ba sai bayan haɗarin. Majalisar ƙasar ta yi doka a 2010 wadda ta wajabta bayyana wa mai sayen tikiti sunan kamfanin da zai tuƙa shi a zahiri, ta kuma share fagen ƙa'idar da ta fara aiki a 2013, cewa mataimakin matuƙi sai ya tara awa 1,500 a sama, maimakon 250 na da, in ban da wasu rukunoni da aka yi wa rangwame.

Dokar ta gyara wani abu ta kuma haifar da wani. Sabbin matuƙa suka yi ƙaranci, manyan kamfanoni suka kwashe ƙwararru bayan annobar korona, har a tsakiyar 2022 ƙananan kamfanonin da ke ƙarƙashin American suka ɗaga albashin sabon mataimaki daga kimanin dala 51 zuwa 90 a awa. Da albashi ya tashi, jirgi mai kujera 50 ya daina biyan kansa, tunda matuƙa biyu yake bukata daidai da mai kujera 180. Ƙananan garuruwa ne suka ji a jikinsu. A watan Maris na 2022 kamfanin SkyWest ya ba da sanarwar niyyar janyewa daga garuruwa 29, duk da tallafin da gwamnatin tarayyar ƙasar ke biya tun 1978 don kada irin waɗannan garuruwa su rasa jirgi.

A nan gida, lissafin a juye yake

Jiragen masu kujera 50 da aka yi ta ajiyewa a Amurka da Turai ba a farfasa su duka ba. Da yawa sun sami sabon gida a Afirka. Air Peace ya shigo da ERJ-145 cikin 2018 don ƙananan hanyoyi, United Nigeria ya fara aiki da shi a 2021, sai kuma Rano Air na Alhaji Auwalu Abdullahi Rano, wanda ya soma jigila a 2023 da irin wannan jirgi. Ga hanyoyin Arewa masu ƙarancin fasinja, girman jirgin ya dace. Boeing 737 irin wanda Max Air na Alhaji Ɗahiru Mangal da Azman na Alhaji Abdulmunaf Yunusa Sarina suka yi amfani da shi a hanyoyin cikin gida yana bukatar fasinja masu yawa kafin ya mai da kuɗinsa, abin da garin da bai kai Kano ba zai sha wuyar samarwa kullum.

Bambancin Nijeriya da Amurka shi ne, a can ana miƙa aiki ga wanda ya fi araha, a nan kuwa sau da yawa ana miƙa shi ne ga wanda ya fi tsada. Kamfanin da jiragensa suka tafi gyara ƙasar waje, ko wanda masu ba da haya ba su amince su danƙa masa jirgi zalla ba, sai ya ɗauko jirgi da matuƙansa daga gabashin Turai ko wata ƙasar, musamman a lokacin sanyinsu da kasuwar yawon buɗe ido ke kwanciya, wanda ya zo daidai da cunkoson ƙarshen shekara a nan. Tun shekarun 1990, bayan wargajewar Tarayyar Sobiyat, an ga jiragen Tupolev da matuƙansu a filayen ƙasar nan. Ana biyan baƙin da dala, ana biyan 'yan gida da Naira, ga kuma matasan da suka gama Zariya suna zaune, saboda lasisin kwaleji kaɗai ba ya ba mutum kujera sai ya sami takardar ƙwarewa a kan takamaiman samfurin jirgi, wadda galibi a waje ake yinta da kuɗin waje, sa'an nan ya tara sa'o'in da ba zai tara su ba sai an ɗauke shi.

Ƙungiyar Matuƙa da Injiniyoyin Jiragen Sama ta Ƙasa, NAAPE, ita ce ke magana da yawunsu, kuma kokenta ya daɗe yana zagaye wannan wuri: yawan baƙi, da ratar albashi tsakaninsu da 'yan ƙasa, da kamfanonin da ba sa son ma'aikatansu su shiga ƙungiya. A farkon watan Agusta na 2020 'ya'yanta suka yi yajin aiki a kamfanin Bristow mai jirage masu saukar ungulu, bisa batun albashi da bambancin da suka ce ana nuna musu, kamfanin ya sanar da sallamar matuƙa da injiniyoyi kimanin 100, yana mai kafa hujja da durƙushewar kasuwa a lokacin korona. A cikin kwanakin ne Air Peace ya sallami matuƙa kimanin 70. A 2022 kuma ƙungiyoyin ma'aikatan sufurin sama suka yi zanga-zanga kan wani sashe na sabbin dokokin hukumomin fannin, wanda ya sanya aikinsu cikin ayyukan da ba a yarda a tsayar ba. Ƙungiyar da ke fama da waɗannan ba ta da ƙarfin gina shinge irin na Amurka, ga shi kuma kamfanonin da za ta ƙulla yarjejeniyar da su ba su cika yin tsawon rai ba.

Ba daidai ba ne kuma a ɗora wa masu kamfanoni laifin duka. Man jirgi ya tashi daga Naira 190 lita zuwa 700 a cikin watannin farko na 2022, har ƙungiyar masu kamfanonin ta yi barazanar dakatar da aiki a watan Mayu. Dala kuwa, wadda ake samu a kan Naira 460 da ɗoriya a farashin hukuma kafin Yuni 2023, ta haura 1,500 a farkon 2024. Mai sayar da tikiti da Naira yana biyan haya da kayan gyara da inshora da dala, rijiya ce yake haƙawa ruwa na cike ta. A watan Satumba na 2024 Gwamnatin Tarayya ta sa hannu a kan wasu ƙa'idojin kotu da ke sauƙaƙa wa mai jirgi karɓe kayansa in an kasa biya, bisa yarjejeniyar Kef Tawun, da nufin masu ba da haya su yarda su ba kamfanonin ƙasar nan jirgi zalla. Wannan mataki ya fi shafar matuƙan gida fiye da yadda ake tsammani, domin jirgin da ya zo babu kowa a ciki, su ne za su hau kujerunsa.

Akwai wani salo kuma da ya fito daga gwamnatocin jihohi, wanda ya yi kama da na Amurka ƙwarai. Jihar Kuros Riba ta sayi jirage ta sa musu suna Cally Air, ta danƙa wa Aero Contractors tuƙinsu a 2021. Jihar Inugu ta ƙaddamar da Enugu Air a 2025, kamfanin XEJet ne ya fara tafiyar da shi da lasisinsa. Wasu jihohin ba su sayi jirgi ba, sai suka yi alkawarin biyan kuɗin kujerun da ba a cika ba domin kamfani ya yarda ya riƙa sauka a sabon filinsu. Akwa Ibom ce ta bi ta ɗaya hanyar, ta kafa Ibom Air a 2019 da lasisinsa da matuƙansa.

Filin Damaturu, wanda aka fara gininsa a zamanin Gwamna Ibrahim Gaidam aka kammala a zamanin Gwamna Mai Mala Buni, an tsara shi ne da sunan filin dakon kaya, da fatan riɗi da ƙaro da nama da sauran albarkatun jihar su riƙa fita ta sama. Duk wata jigilar fasinja mai ɗorewa a fili irin wannan, da wuya ta rabu da ɗaya daga cikin waɗannan hanyoyi na kwangila, kuma a wurin rubuta kwangilar ne ƙungiyoyin 'yan kasuwa ke da ta cewa in sun so. Takardar na iya fayyace kamfanin da lasisinsa zai ɗauki alhakin jirgin, da ƙasar da aka yi wa jirgin rajista, da inda za a riƙa gyara shi, da wanda zai biya fasinja in an soke tafiya. Tana iya wajabta cewa kujerar mataimaki ta ɗan ƙasa ce, yadda kuɗin tallafin da jiha ta biya zai bar mata ƙwararru ko da kamfanin ya tafi. Tana kuma iya kauce wa tarar jinkiri mai tsanani irin wadda za ta sa jami'in kamfani ya ga tsayawa duba taya asara ce.

Ga mutumin Gashuwa, Damaturu na da nisan kusan kilomita 200. Ga mutumin Nguru kuwa, tazarar Damaturu da ta Kano ba su da wani bambanci mai yawa, ga kuma filin Dutse da aka buɗe a 2014 a matsayin zaɓi na uku. Kano tana da jirage da dama a rana, wanda ya rasa na safe zai sami na yamma, kuma a can ne dilolinsa da bankinsa suke. Kafin ya juya akalar motarsa gabas, sai ya ga jirgin da aka ce zai tashi ranar Talata ya tashi ranar Talata na tsawon watanni a jere, ciki har da watannin hunturu da hazo ke rufe sararin Yobe.